Ni Da Wasan Sunuka Na Cikin Waya

 Ina roƙon ki ba ni aron hankalinki kaɗan. Yau wani laifi nawa na zo in tona da bakina, domin Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ke uwargida ce, jingine muciya ki saurara. In kuwa 'yar makaranta ce, to, ke na fi nufi da wannan magana, gama ni malama ce, shekarata ta uku ke nan da fitowa daga kwalejin horon malamai, kuma abin kunyar da zan ba ki labari a gaban 'yan ajina ya same ni.

Asalin abin a hutun damina ne, sa'ad da aka rufe makarantu. Ina da ƙane, ɗan shekara 17, ba ya rabuwa da wayarsa. Kullum in na gifta ta ƙofar ɗakinsa sai in ji wata ƙara, ƙwas, ƙwas, kamar ana gwara duwatsun dara. Ran nan na leƙa na ce, “Kai dai ba ka da aikin yi. Mene ne wannan kuma?” Ya ce, “Yaya, wasan sunuka ne. Ke da ki ke koya wa yara lissafi, karɓi ki gwada. In kin jefa ƙwallo ɗaya tak a rami, ni zan ɗebo ruwan gidan nan har mako guda.” Na karɓa da raini, na ja yatsa na saki. Wadda na nufa ko motsi ba ta yi ba, tawa kuwa ta zarce ta faɗa rami. Yaron nan ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Zuciya ta ɗebe ni, na ce maza ya sa mini wasan a tawa wayar, in ga ko zai sake yi mini dariya. Da na san abin da na jawo wa kaina, da na bar shi da dariyarsa.

Bari in kwatanta miki wasan, don kada in yi ta zuba ke kuwa ba ki san inda na dosa ba. Wataƙila kin taɓa hango teburan nan da samari ke kewayewa a bakin titi, ƙarƙashin rumfa, da dogayen sanduna a hannu. Mu nan duka sunuka mu ke ce musu, amma yawancinsu wani ƙanensa ne, mai ƙwallaye masu lamba. Teburin sunuka na ainihi babba ne ƙwarai, tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 6, an shimfiɗa masa koren ƙyalle. Yana da ramuka 6, huɗu a kusurwoyi, biyu a tsakiyar dogayen gefuna. Ƙwallaye 22 a ke zubawa. Ɗaya fara ce, ita kaɗai a ke zungura da sanda, ita kuma ta je ta bugi saura. Jajaye 15 ne, kowace maki 1. Sa'an nan akwai masu launi 6: rawaya maki 2, koriya 3, mai ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, mai ruwan hoda 6, baƙa 7.

Ƙa'idarsa ita ce sai kin jefa ja a rami tukuna, sa'an nan ki zaɓi mai launi ɗaya ki jefa. Ja in ta shiga ta shiga ke nan, amma mai launi a kan fito da ita a mayar gurbinta, muddin akwai sauran ja a kan tebur. In jajaye sun ƙare, sai a bi masu launi bi da bi, daga rawaya har zuwa baƙa. Muddin kina jefawa, bugu naki ne, in kuwa kika kuskure sai abokiyar karawarki ta karɓa. In kika yi ɓarna, misali fara ta faɗa rami, ko ta fara taɓa wadda ba ita ya kamata ba, sai a ba abokiyar taki maki 4, wani lokaci har 7. Daga zuba ƙwallaye zuwa ƙarewarsu shi zan riƙa kira turmi ɗaya, kamar yadda 'yan dambe ke faɗi.

Kin san halin malamai da bin diddigi. Da na bincika asalin wasan, sai na iske masu tarihinsa sun ce hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙago shi a ƙasar Indiya, a garin Jabalpur, cikin 1875, suna neman abin ɗebe kewa. Wanda a ke jingina wa ƙagowar wani saurayin hafsa ne ɗan shekara 19, Neville Chamberlain, amma ba firaministan nan mai irin sunansa ba. Sunan wasan kuwa laƙabi ne da a ke tsokanar sababbin ɗalibai da shi a makarantar soja ta Woolwich, watau ɗan koyo, wanda bai san komai ba. Da na karanta haka na ce lalle sunan ya dace da ni. An fara gasar duniya a 1927, Joe Davis ya ci, ya kuma yi ta ci har sau 15, na ƙarshe a 1946, ba wanda ya taɓa kayar da shi a cikinta. A 1969 gidan talabijin na BBC ya fara wani shiri na sunuka don nuna wa mutane amfanin talabijin mai launi, domin a baƙi da fari ba a bambanta ja da koriya. Tun daga 1977 a garin Sheffield a ke yin gasar duniya, kuma a 2025 Zhao Xintong na ƙasar Sin ya zama mutumin Asiya na farko da ya ci ta.

Shigarsa cikin na'ura ma ba yau ba ne. Tun 1984 aka fitar da wani na kwamfuta mai sunan gwanin nan Steve Davis. A 1991 aka yi wani mai sunan Jimmy White, wanda in mai wasa ya daɗe bai buga ba, sai ƙwallaye su fito da idanu su yi masa gwalo. Yanzu kuwa ga shi ya shigo tafin hannunmu. A cikin waya babu sunkuyawa, babu goga alli. Yatsa ne ke juya sandar da aka zana, wani farin layi kuma ya miƙe daga fara ya nuna miki inda za ta bugi ƙwallo, da inda wadda aka buga za ta nufa. A gefe akwai ma'aunin ƙarfi, in kin ja shi da yawa bugu ya yi ƙarfi, in kaɗan ya yi taushi. Akwai kuma hoton fara da ɗan ɗigo a kanta, ki matsar da shi sama ko ƙasa ko gefe, watau wurin da kan sanda zai taɓa. Kina iya karawa da na'urar kanta, kina kuma iya karawa ta intanet da wani mutum da ba ki sani ba, ko yana wace ƙasa.

Mako biyu na yi ina shan kashi. Na iya jefa ja ɗaya, wani lokaci in bi ta da mai launi, daga nan sai abu ya tsaya cik. Kullum sai in tarar fara ta gudu can ƙarshen tebur, ko ta manne da bango, ko ta laɓe bayan wata. Ran nan ƙanena ya zauna kusa da ni yana kallo, can ya ce, “Yaya, in faɗa miki gaskiya ba za ki yi fushi ba?” Na ce, “Faɗi.” Ya ce, “Ke ramin kawai ki ke kallo. Jefawa ai kowa ya iya, tun da ga layi an zana. Kafin ki buga, tambayi kanki, bayan wannan ta shiga, ina fara za ta tsaya? Daga inda ta tsaya za ki yi bugu na gaba.” Na yi shiru, domin yaro ya faɗi gaskiya.

Daga ran nan na gane amfanin ɗigon nan. In kin bugi fara sama da tsakiyarta, sai ta bi bayan wadda ta buga. In kin buge ta ƙasa da tsakiya, sai ta dawo baya wajenki, kamar an ja ta da zare. In kin buge ta a tsakiya da ɗan ƙarfi, in saitin miƙaƙƙe ne sai ta tsaya cak a wurin, in kuwa ta gefe ta taɓa, sai su rabu a kusurwa mai digiri 90. In ta bugi bango, kusan da irin kusurwar da ta shiga ta ke fitowa. Kai, 'yar'uwa, ashe darasin kusurwoyin da na ke fama da yara a kansa ne aka mai da shi wasa! Na kuma gane cewa ba kowane bugu a ke neman rami ba. In babu hanya, sai ki haƙura, ki lallaɓa fara ki ɓoye ta bayan wata, abokiyar karawarki ta rasa ta inda za ta fito.

Iyakar makin da a kan tara a zama ɗaya, in ba a yi wata ɓarna ba, 147 ne. Ga lissafinsa, ki gwada da kanki: ja da baƙa maki 8, sau 15 ya zama 120, sa'an nan masu launi shida su ba da 27. Watau bugu 36 a jere ba kuskure, kuma kowane ɗaya sai fara ta tsaya daidai inda a ke so. Ronnie O'Sullivan ya yi wannan a gasar duniya ta 1997 cikin minti 5 da daƙiƙa 8. Ni kuwa ranar da na tara 31 a zama ɗaya, sai da na tashi na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki.

Kada kuma ki ce wasan maza ne. Ba ƙarfin damtse ya ke so ba, natsuwa ya ke so da auna abu. Reanne Evans ta Ingila ta ci gasar duniya ta mata sau 12. Ng On-yee ta Hong Kong ta ci a 2015 da 2017 da 2018. Bai Yulu ta ƙasar Sin ta ci a 2024. A 2009 kuwa Michaela Tabb ta zama mace ta farko da ta yi alƙalancin wasan ƙarshe na gasar duniya, manyan gwanaye maza suna bin umurninta. Ba na ɓoye miki, wannan ya ƙara mini son abin.

To, a nan ne kwaɗayi ya zama mabuɗin wahala. Turmi ɗaya ba ya wuce minti 15 ko 20, saboda haka kullum sai in ce, turmi ɗaya kawai in tashi. In na ci, sai in ce hannuna ya faɗa, bari in ƙara. In aka cinye ni, sai in ce ai ba na kwana da wannan haushi, sai na rama. Ko ta ina babu ƙofar fita. Shi ma wasan an gina shi da wayo. Kowace rana ya kan ba ki kyautar wasu kuɗin ƙarya in kin leƙo, in kin yi fashi ya aiko yana cigiyarki. Da kuɗin nan a ke shiga karawa ta intanet, wadda ta ci ta kwashe, in naki sun ƙare sai a ce ki kalli talla ko ki saya da kuɗin gaske. Na sayi kati har sau uku a mako guda, alhali ban kira kowa ba.

Inna ce ta fara lura. Wata rana na ɗora tuwon dare, na ce kafin ruɗe ya nuna bari in ƙarasa masu launi. Ina fafutukar shuɗiya sai na ji muryarta daga ɗaki, “Malama, wannan ƙaurin daga tukunyar wa ya ke fitowa?” Daren nan da ƙanzo muka kwana, Baba bai ce komai ba, amma ya bar rabin nasa a kwano. Sallar asuba ma, wadda tun ina yarinya ba a tashe ni, sai ga ni ina yin ta rana ta fito. In zuciyata ta yi mini faɗa, sai in kawo mata hujja. Na karanta cewa a 1985 mutum miliyan 18 da rabi a Ingila suka hana idonsu barci har bayan sha biyun dare, suna kallon Dennis Taylor da Steve Davis suna neman baƙa ta ƙarshe, har Taylor ya ci 18 da 17. Sai in ce, to, in waɗannan duka sun yi, ni wace ce? Na manta su dare ɗaya suka yi, ni kuwa kowane dare.

Aka koma makaranta ban daina ba. Aji shida na ke koyarwa. Ranar wata Litinin, muna darasin farko, na hango wata yarinya a layin baya tana gyangyaɗi. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma idona ya rufe, domin ni ma a gajiye na ke. Na daka mata tsawa, na ce, “Ke! Me ki ke yi da dare da za ki zo ki mai da mini aji ɗakin kwana?” Na tsayar da ita a bayan aji har aka fita tara. Ba ta ce uffan ba, kanta a sunkuye.

Ran Laraba na yi musu gwaji, na kwaso littattafai 46 na kawo gida, na yi musu alkawari gobe kowa zai ga makinsa. Bayan sallar lisha na jera su a kan tabarma, na ɗauko jan biro, na ce turmi ɗaya kawai in wartsake. 'Yar'uwa, ban ɗago kai ba sai ƙarfe biyu da rabi na dare, ko littafi ɗaya ban buɗe ba. Da safe na kwashe su yadda na kawo su. Yara suka tambaya, na ce su yi haƙuri sai gobe. Na rubuta musu aiki a allo na ce su kwafa, na zauna a kujera, na ce bari in ɗan dafa kai. Ban san sa'ad da barci ya sace ni ba.

Sai ji na yi ana taɓa hannuna a hankali, ana cewa, “Malama, Malama, ga Hajiya.” Na farka firgigit. Yarinyar nan ce da na tsayar ran Litinin. Shugabar makarantarmu tana tsaye a bakin ƙofa, aji ya yi tsit, idanu sun yi mini caa. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Hajiya ba ta ce mini komai a gaban yara ba, sai ta ce in an tashi in same ta a ofis.

Da na je ta ce in zauna, ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, ko kuwa wani ne ba lafiya a gida. Ga hanyar ƙarya ta buɗe mini, in ce zazzaɓi ne a wuce wurin. Amma na kasa. Na ce, “Ranki ya daɗe, lafiyata lau. Wasa na kwana yi a waya.” Ta dube ni ta daɗe, sa'an nan ta ce, “Na ji daɗi da ba ki yi mini ƙarya ba. Amma yarinyar da kika tsayar ran Litinin, kin tambaye ta abin da ya hana ta barci?” Na ce a'a. Ta ce, “Uwarta ce ta haihu, jiki kuma bai yi daɗi ba. Ita ke tashi tun kafin kiran assalatu ta wanke wake, ta kai niƙa, ta soya ƙosan da su ke ci da shi, sa'an nan ta taho makaranta. Je ki, Malama, ki yi tunani.” Ba ta rubuta mini takardar gargaɗi ba, amma da ta rubuta da ya fi mini sauƙi. Lalle laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Daren nan ban taɓa waya ba. Na zauna na duba littattafan nan duka, yarinyar kuwa ita ta zo ta uku. Ina cikin dubawa maganar ƙanena ta faɗo mini. Ni da na ƙware wajen tambayar ina fara za ta tsaya, ban taɓa tambayar kaina ba, bayan wannan turmi, a ina zan tashi gobe? Kowane dare ina jefa ɗaya a rami ina murna, ina barin safiyata a inda ba ta da mafita. Wasan da kansa ya koya mini duban gaba, ni ce na bar darasin a cikin waya.

Washegari na kira yarinyar gefe, na ce ta yafe mini, na yi mata hukunci ban tambaya ba. Ta rufe fuska da hijabinta ta ce, “Malama, ba komai.” Na je na yi wa uwarta barka, na kuma dawo da ita layin gaba kusa da taga, inda iska ke shigowa. Game da wasan, na yi niyyar goge shi, sai na ga in ban gyara halina ba wani zan samu ya maye gurbinsa. Saboda haka na kafa wa kaina dokoki. Ba na buɗe shi sai na gama duba littattafai da shirin darasin gobe. Turmi biyu ne iyaka, ko na ci ko an cinye ni. Na daina karawar intanet ɗin nan ta zuba kuɗi, domin ko na ƙarya ne, zubi da kwashewa hanyar caca ce, ba na so zuciyata ta saba. Na kashe saƙonnin cigiyar da ya ke aikowa. Ƙarfe tara da rabi kuma waya ta tafi ɗakin Inna ta kwana can. Makon farko na sha wuya, hannuna ya yi ta lalube a ƙarƙashin matashi, amma sannu ba ta hana zuwa. Yanzu na fi jin daɗinsa ranar Asabar da la'asar, ni da ƙanena muna miƙa wa juna waya, Inna na yi mana alƙalanci ko da ya ke ba ta san ƙa'ida ba.

Har aji na kai shi. Na zana tebur a allo na ce su nemo mini yadda a ke samun 147, kuma na kawo ƙwallon roba muka yi ta buga wa bango muna auna kusurwar shiga da ta fita. Ban taɓa ganin sun kama darasi da sauri haka ba.

Wani abu kuma, kada mai wasan waya ta ɗauka ta iya na gaske. Da Sallah muka je gidan kawuna, inda samarin gidan ke da ɗan ƙaramin tebur a tsakar gida. Na karɓi sanda ina taƙama. Ashe sai an san tsayuwa, da yadda a ke kafa hannu a ɗora sanda, da goga alli don kada ta zame. Babu layi, babu ma'aunin ƙarfi. Bugu na farko sandar ta goce, na kusa yaga musu ƙyalle. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

To, 'yar'uwa, ban ce wasa haramun ne ba, ban kuwa ce ki guje shi ba. Amma ki sani abin ba na raini ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a sa jarabar wasannin na'ura cikin jerin cututtuka. Alamunta uku ne: mutum ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba ko da ya ga yana cutar da shi, yawanci har tsawon wata 12. Ni ban kai can ba, alhamdu lillahi, amma na taka hanyar.

Ke 'yar makaranta, in an ba ki aron waya, fara gama aikin gida da na makaranta. Yanke adadin da za ki yi tun kafin ki fara, domin in kin fara ba ke ce mai yankewa ba. Kada ki kai waya shimfiɗa. Kada ki taɓa sa ko sisin kwabo a cikin wasa, kada kuma ki biye wa baƙon da ya aiko miki saƙo ta cikinsa. Ke kuma uwargida, in kin ga ɗanki ya duƙufa, kada ki fizge kawai ki yi ta faɗa. Zauna ki ce ya nuna miki, ki ga abin da ya ke yi da wanda ya ke yi da shi, sa'an nan ku yanke lokaci tare. Ki duba naki ma, gama wata ba ta san sunuka ba, amma fim ko hirar waya ya sha ƙona mata miya. Mu malamai kuwa, in mun ga yarinya na gyangyaɗi, mu tambaya kafin mu hukunta.

In kina da irin wannan labari, ko wata dabara da ta fi tawa, ki rubuto wa Edita domin mu ƙaru da juna. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar lokacinmu da ta 'ya'yan da aka damƙa mana, amin. Haza wasalam.

Taki, wata malamar firamare.